BABI NA UKU: BINNE MAMATA DA ZAMAN JAMA'A A GARIN CATALHOYUK NA SABON ZAMANIN DUTSE

3.0 Gabatarwa

A wannan babi za a duba al'adun binne mamata a ɗaya daga cikin garuruwan manoman farko na duniya, wato Catalhoyuk da ke ƙasar Turkiyya ta yau, domin a ga abin da kaburburan garin za su iya faɗa game da zaman jama'arsa. An zaɓi wannan gari ne saboda mutanensa ba su yi maƙabarta a bayan gari ba. A cikin ɗakunan da suke kwana suke binne mamatansu, don haka kusan kowane kabari yana da gidan da za a danganta shi da shi. Bayan haka kuma an daɗe ana tono a wurin, har ƙasusuwan da aka samu sun kai yawan da za a iya kafa hujja da su. Mutanen garin ba su bar rubutu ba. Sunan Catalhoyuk ma na Turkanci ne, wanda aka laƙaba wa kufan dubban shekaru bayan watsewar masu shi, ma'anarsa kuwa tudun da ya rabu biyu kamar gwafa.

Tambayar da babin zai fi tsayawa a kanta ita ce: su wane ne ake binnewa tare a ƙarƙashin ɗaki ɗaya, kuma mene ne ya haɗa su? Amsar wannan tambaya ta sauya fiye da sau ɗaya tun daga 1961, kuma duk lokacin da ta sauya sai fahimtar masana game da ma'anar “gida” a wurin manoman farko ita ma ta sauya.

3.1 Garin da Tarihin Tononsa

Catalhoyuk yana cikin filin Konya a tsakiyar yankin Anatoliya, kusa da garin Cumra. A zamanin da aka kafa shi, wurin fadama ce wadda kogin Carshamba yake malala a cikinta. Tudu biyu ne a wurin, na gabas da na yamma. Na gabas shi ne babba kuma shi ne mafi daɗewa: faɗinsa ya kai kimanin kadada 13, tsayinsa kuma kimanin mita 21. Wannan tsayi duk na gine-ginen mutane ne, gida a kan gida har hawa 18, waɗanda aka zauna a cikinsu daga wajen shekara ta 7100 zuwa 5950 kafin Miladiyya (K.M.), wato fiye da shekara dubu.

Wani Baturen Ingila masanin kufai mai suna James Mellaart ne ya gano muhimmancin wurin a 1958, ya kuma yi tono a cikinsa tsakanin 1961 da 1965. Daga nan aikin ya tsaya har kusan shekara 30, sai a 1993 Ian Hodder ya sake buɗe shi da ƙungiyar masana daga ƙasashe da dama, suka ci gaba har zuwa 2017. A 2012 Hukumar UNESCO ta sanya wurin cikin jerin wuraren tarihi na duniya. Game da yawan mutanen garin kuwa, akwai saɓani mai girma. Hodder ya ƙiyasta su tsakanin 3,500 da 8,000 a lokacin da garin ya fi cika, amma Kuijt da Marciniak (2024) sun kawo hujjar cewa ba a zauna a dukkan gidajen a lokaci guda ba, suka sauko da adadin zuwa tsakanin 600 da 800.

Mutanen suna noman alkama da sha'ir da dangin wake, suna kiwon tumaki da awaki, suna kuma farautar shanun daji da barewa da aladen daji. Wuƙaƙensu da kibansu na wani baƙin dutse ne mai sheƙi kamar gilashi, wanda suke samowa daga duwatsu masu aman wuta na yankin Kafadokiya. Gidajen na tubalin laka ne, an manna su da juna ba tare da titi ko lungu a tsakani ba. Ta saman soro ake shiga, a sauko da tsani ta wata kafa wadda ita ce kuma mafitar hayaƙi. Tsarin cikin ɗaki kusan iri ɗaya ne a ko'ina: tsani da tanderu da murhu a gefen kudu, dakalai kuma a gefen arewa da gabas, inda ake shimfiɗa tabarmi a zauna ko a kwanta. Ana yawan shafe bango da farar ƙasa, har an ƙirga shafe kusan 450 a bangon wani gida. A wasu gidajen an kafa ƙahonin bijiman daji a jikin bango ko a bakin dakali. Idan gida ya tsufa, sai a cire ginshiƙansa, a rushe saman bangon zuwa ciki, a cike shi da ƙasa, a ɗora sabo a kansa bisa shatar tsohon.

3.2 Yadda Ake Binnewa

Idan mutum ya mutu, sai a fasa saman ɗaya daga cikin dakalan nan, a haƙa rami mai siffar ƙwai wanda ba shi da zurfi sosai. Ana naɗe gawar ne, a haɗa gwiwoyi da ƙirji, a ɗaure da igiya, a naɗe ta cikin tabarma ko fata ko saƙaƙƙen ƙyalle, a kwantar da ita a gefe ɗaya. Jarirai kuwa sau da yawa cikin kwando ake sa su. Sa'annan a mayar da ƙasa, a sake yaɓe dakalin da farar ƙasa, masu gida su ci gaba da zama a kansa. An san abin da ake naɗe gawa da shi ne saboda wasu gidajen sun ƙone, zafin wutar ya ratsa ƙasa ya mayar da ƙyallen gawayi bai ruɓe ba. An daɗe ana ɗaukar wannan ƙyalle na lilin ne ko na ulu, sai a 2021 bincike ya nuna an saƙa wasunsa ne da zaren ɓawon itace.

Wurin da ake sa mamaci ya danganta da shekarunsa. Manya suna gefen arewa da gabas, ƙarƙashin dakalai masu tsabta, kusa da zane-zanen bango. Jarirai sabbin haihuwa kuwa an fi samun su a gefen kudu, kusa da tanderu da wurin girki, ko a cikin harsashin gida lokacin da ake gininsa. Wannan ya nuna cewa a idon mutanen garin, jaririn da bai daɗe a duniya ba bai kai matsayin da za a kwantar da shi tare da manya ba, amma duk da haka ba a jefar da shi waje ba.

Dakali ɗaya yakan ɗauki gawa da yawa. Idan aka sake yin rasuwa, sai a sake fasa shi, a ture ƙasusuwan da aka tarar gefe guda, a sa sabuwar gawa. Saboda haka ne masu tono suke tarar da ƙwarangwal na ƙarshe a haɗe, na farko kuma a warwatse.

Abin da ya fi jan hankali a nan shi ne rashin daidaiton adadin mamata tsakanin gidaje. Akwai gidajen da ba a sami kabari ko ɗaya a cikinsu ba, akwai masu biyar ko shida, sai kuma wanda masu tono suka sa wa suna Gini na 1, inda aka sami mutum 62. Gidan ba shi da girman da mutane masu wannan yawa za su rayu su mutu a cikinsa a tsawon shekarun da aka zauna shi. Ke nan dole ne an riƙa ɗauko gawawwaki daga wasu gidaje ana kawowa nan. Hodder da Pels (2010) sun kira irin waɗannan da sunan “gidajen tarihi”, wato gidajen da aka sake gina su sau da yawa a wuri ɗaya, aka kuma fi tara mamata a cikinsu. Wani abin lura shi ne waɗannan gidaje ba su fi sauran girman rumbu ko tarin kaya ba. Fifikon da suke da shi na mamata ne da daɗewa.

3.3 Ungulu da Ƙoƙon Kai

A bangon wasu gidaje da Mellaart ya tono akwai zanen manyan ungulaye sun buɗe fikafikai a kan mutane marasa kai. Daga wannan zane da kuma warwatsattsun ƙasusuwan da ya gani, Mellaart (1967) ya yanke cewa ana fitar da gawa bayan gari ne a bar wa ungulaye su cinye naman, daga baya a kwaso ƙashin a binne a gida. Wannan ra'ayi ya shiga littattafai da dama ya zauna. Da ƙungiyar Hodder ta zo, sai ta tarar yawancin ƙwarangwal ɗin a haɗe suke har da ƙananan ƙasusuwan yatsu, abin da ke nuna da namansu aka binne su, warwatsewar kuma daga sake buɗe kabari take. Sai dai a 2016 Pilloud da abokan aikinta sun sake tayar da maganar, inda suka nuna ungulu tana iya cinye nama ta bar jijiyoyin da ke riƙe gaɓoɓi, kuma wasu gawawwakin an naɗe su matsewar da zai yi wuya a yi wa jiki mai cikakken nama. Abin da ya fi kusa da hujjojin da ke hannu shi ne ba hanya ɗaya ake bi da kowa ba: wasu an binne su nan take, wasu kuma an jinkirta har jikin ya bushe ko ya rage.

Batun cire kai kuwa ba zane kaɗai ba ne. An sami wasu kaburbura da aka sake buɗewa bayan wani lokaci aka ɗauke ƙoƙon kan, aka bar sauran jiki. Ba kowa ake yi wa haka ba, mutane kaɗan ne, kuma akwai maza akwai mata a cikinsu. A 2004, a Gini na 42, an tono kabarin wata mace da aka kwantar tana rungume da ƙoƙon kan wani mutum a ƙirjinta. An yaɓe fuskar ƙoƙon da farar ƙasa, an gina masa hanci da kumatu, an shafa masa jan launi, kuma an yi masa wannan gyara fiye da sau ɗaya, wanda ke nuna ya daɗe a hannun masu rai kafin a rufe shi tare da ita. A cikin kabarin kuma aka sami farcen damisa da aka huda domin ratayawa. Haka nan a 2019 an ba da rahoton haƙoran mutum da aka huda aka rataya a jiki har suka goge.

Wannan al'ada ta girmi Catalhoyuk. A 1953 Kathleen Kenyon ta tono ƙoƙunan kai bakwai a Jariko waɗanda aka yaɓe musu fuska aka sa musu bawon kifin teku a gurbin idanu, an kuma sami irinsu a Ain Gazal kusa da birnin Amman na ƙasar Jodan. An fara fassara su da cewa kawunan dattawan maza ne da ake bauta wa a matsayin kakanni. Amma da Bonogofsky ta sake auna irin waɗannan ƙoƙuna na yankin, sai ta tarar akwai na mata har da na yara a cikinsu. Yaro kuwa bai haifi kowa ba balle ya zama kakan wani. Saboda haka kalmar “bautar kakanni” ta yi wa al'adar ƙunci. Abin da za a iya tabbatarwa shi ne, wasu mamatan ba sa fita daga harkar masu rai da zarar an rufe su. Ana komawa gare su, ana ɗauko wani sashe nasu, ana riƙe shi a gida tsawon lokaci.

3.4 Su Wane ne 'Yan Gida?

Duk wanda ya ga uwa-uba da yara a kwance ƙarƙashin ɗaki ɗaya, abin da zai fara zuwa masa shi ne iyali ne: miji da mata da 'ya'yansu da jikoki. Haka masana suka ɗauka tsawon shekaru ba tare da an gwada ba.

Gwaji na farko mai ƙarfi shi ne na Pilloud da Larsen (2011). Siffar haƙori da girmansa abubuwa ne da ake gado, don haka 'yan uwa na jini sukan yi kama a haƙora fiye da bare. Sun auna haƙoran mutum 266, suka tarar cewa waɗanda aka binne a gida ɗaya ba su fi kama da juna ba a kan waɗanda aka binne a wasu gidaje, in ban da wurare kaɗan. Suka kawo shawarar cewa abin da ya haɗa 'yan gida a Catalhoyuk zumunci ne na aiki da zama tare, kamar noma da kiwo da cin abinci daga murhu ɗaya. Wannan sakamako ya gamu da shakka, domin awon haƙori ba ya iya cewa wane ɗan wane ne, iyaka ya nuna kama ko rashinta.

Daga baya aka sami hanyar ciro ƙwayoyin gado, waɗanda ake kira DNA, daga tsofaffin ƙasusuwa. Yaka da abokan aikinsa (2021) sun gwada ƙasusuwa daga ƙauyuka da dama na Anatoliya. A Ashikli da Bonjuklu, waɗanda suka girmi Catalhoyuk (Bonjuklu ma maƙwabcinsa ne a filin Konya), an tarar waɗanda aka binne a gida ɗaya sau da yawa 'yan uwa ne na kusa, wa da ƙanwa ko iyaye da 'ya'yansu. A Catalhoyuk kuwa irin wannan dangantaka ta yi ƙaranci a cikin waɗanda aka gwada. Sai dai adadinsu kaɗan ne.

Binciken da ya fi kowanne faɗi shi ne wanda Yüncü da Somel da abokan aikinsu na wata jami'a a Ankara suka buga a 2025, inda suka karanta ƙwayoyin gadon mutum 131 daga gine-gine 35. Sakamakon ya gyara ra'ayoyin biyu da suka gabata. A farkon zamanin garin, waɗanda aka binne a gida ɗaya galibi dangi ne na jini, kamar dai yadda aka zata tun asali. Amma da ƙarnuka suka shuɗe sai abin ya sauya, aka riƙa samun yara a ƙarƙashin ɗaki ɗaya waɗanda babu jinin da ya haɗa su. Duk da haka, awon sinadaran ƙashinsu ya nuna abinci iri ɗaya suka ci, wato alama ce ta cewa tare suka rayu, ba gawarsu kawai aka kawo ba. Abu na uku kuma, a duk inda aka sami dangantakar jini a cikin gida, a kowane zamani, ta wajen uwa ta fi bi. 'Ya'yan 'yan'uwa mata sukan kwanta a gida ɗaya, na 'yan'uwa maza kuwa ba kasafai ba. Fassarar da ta fi dacewa da wannan ita ce mace takan zauna a gidan da aka haife ta, namiji ne yake tashi ya koma wani gida.

Yaya za a yi yaran da ba dangin juna ba su tashi a gida ɗaya, su ci daga tukunya ɗaya, a kuma binne su a dakali ɗaya? Ga mai nazari da ya fito daga ƙasar Hausa wannan ba baƙon abu ba ne, domin al'adar riƙo sananniya ce: ana ba kaka ko gwaggo ko inna yaro tun daga yaye, musamman ɗan fari, ko a ba matar da ba ta haihu ba, ya tashi a hannunta, ta yi masa aure. Littafin tarihin rayuwar Baba ta Karo wanda Mary Smith ta buga a 1954 cike yake da misalan haka, ita kanta Baba ba ta haihu ba amma ta riƙi 'ya'ya. Ba ana nufin akwai wata alaƙar tarihi tsakanin al'ummomin biyu ba ne. Shekara kusan dubu takwas da nisan ƙasa mai yawa sun raba su. Kuma akwai bambanci, domin riƙon Hausawa ya fi gudana a tsakanin dangi, alhali yaran Catalhoyuk na ƙarshen zamani ba su haɗa jini da abokan kwanciyarsu ba. Amfanin kwatancen shi ne ya nuna cewa ba da ɗa hanya ce ta ƙulla gidaje, kuma wanda aka riƙa yakan zama ɗan gida na sosai. A gari mai cunkoso irin wannan, inda bangon wani yake jingine da na wani, kuma kowa yake bi ta saman soron maƙwabcinsa kafin ya shiga nasa, gidan da ɗansa yake hannun maƙwabta zai yi wuya ya ɗaga musu hannu.

Ya kamata a yi hattara da abu ɗaya. Mafi yawan waɗanda aka sami ƙwayoyin gadonsu a binciken 2025 yara ne da jarirai, domin nasu ne ya fi tsira daga lalacewa. Saboda haka hoton da aka samu ya fi ƙarfi a kan inda yara suke, ya fi rauni a kan manya. Amma ko da wannan, hujjojin haƙora da na ƙwayoyin gado da na yawan mamatan Gini na 1 duk sun fuskanci wuri guda: binne mutum a ƙarƙashin wani ɗaki shaida ce da masu rai suke bayarwa cewa shi nasu ne, kuma haihuwa ɗaya ce kawai daga cikin hanyoyin samun wannan shaida.

Idan aka kwatanta da manoman farko na Turai, waɗanda asalinsu daga Anatoliya suka yi ƙaura, sai a ga bambanci ƙarara. A maƙabartar Gurgy da ke Faransa, ta wajen 4850 zuwa 4500 K.M., binciken da aka buga a 2023 ya fitar da bishiyar dangi har zuriya bakwai, inda maza suke zaune a wurin haihuwarsu, matan aure kuma daga waje aka kawo su. Ke nan ba noma ne da kansa ya haifar da bin tsatson uba ba, tun da ga manoman da suka riga su da shekara dubu biyu suna bin na uwa.

3.5 Maza da Mata

Tun daga 1961, lokacin da aka tono wani ɗan gunkin laka na mace mai jiki zaune tsakanin dabbobi biyu masu kama da damisa, a cikin rumbun hatsi, sunan Catalhoyuk ya haɗu da zancen bautar “uwar alloli” da mulkin mata. Gunkin yana gidan tarihi na Ankara. Tonon da aka yi daga baya ya rage wa wannan zance ƙarfi, domin yawancin gumakan da aka samu na dabbobi ne, kuma a juji aka tsince su.

Ƙasusuwa sun ba da nasu bayani. Awon sinadarai ya nuna babu wani babban bambanci tsakanin abincin maza da na mata. A jikin haƙarƙarin tsofaffi an sami baƙin kunkunniya da suka shaƙa a ɗakunan nan marasa taga, kuma an same shi a maza da mata, wato ba a bar mace ita kaɗai a bakin murhu ba. Kayan da ake sa wa mamaci ba su da yawa, kuma mafi yawan kaburbura ba su da komai. Inda aka samu, akwai duwatsun wuya, da maɗaurin ɗamara na ƙashi, da wuƙar ƙanƙara, da madubin baƙin dutse. Babu kabarin da ya yi fice da dukiya har a ce na sarki ne, kamar yadda babu ginin da za a kira fada. Bambancin da aka gani ƙanana ne amma suna da ma'ana. Schotsmans da abokan aikinta (2022) sun nuna wani jan launi mai haske an fi shafa wa kawunan maza, shuɗi da kore kuma suna tare da mata. Binciken 2025 kuma ya gano cewa a cikin yara da jarirai, mata sun sami kayan rakiya kimanin ninki biyar na maza. Wannan ya dace da abin da aka faɗa a sama, cewa 'ya mace ita ce mai riƙe gida. Sai dai bin tsatson uwa daban, mulkin mata daban. Kaburburan sun tabbatar da na farko, ba su ce komai a kan wanda yake yanke hukunci a gari ba.

Haka kuma bai kamata a ɗauki daidaiton kaburbura a matsayin shaidar zaman lafiya ba. Larsen da abokan aikinsa (2019), waɗanda suka yi nazarin ragowar mutum 742, sun duba ƙoƙunan kai 93 suka tarar 25 suna da tabon fashewar da ta warke, 12 daga cikinsu kuma an ji musu rauni fiye da sau ɗaya. Raunukan sun fi yawa a sama da bayan kai, wato ta baya aka jefe su, kuma siffarsu ta dace da wasu dunƙulen laka masu tauri da aka samu da yawa a garin. Mata 13 ne, maza 10, cikin waɗanda aka gane jinsinsu. Babu alamar yaƙi ko ƙone gari daga maƙiya; wannan duka ne na cikin gida da na maƙwabta, kuma ya fi yawa a lokacin da garin ya fi cunkoso.

3.6 Rabuwar Gida da Kabari

Daga wajen 6500 K.M. al'amura suka fara sauyawa. Shanun gida suka shigo, kiwon tumaki ya faɗaɗa, tukwane suka yawaita a girki. Gidaje suka ƙara girma da yawan ɗakuna, aka fara barin fili a tsakaninsu, aka kuma rage ɗora sabon gini daidai kan shatar tsoho. Ƙahonin bijimai suka ragu a bango. A hawa na ƙarshe na tudun gabas, ƙungiyar Marciniak ta tono wasu ɗakuna da aka gina musamman domin tara mamata, abin da ba a saba gani ba a ƙarnukan farko. A wajen 6200 K.M. kuma an yi wani sauyin yanayi na sanyi da ƙarancin ruwa wanda ya shafi yankin, jama'a suka ci gaba da bazuwa cikin filin Konya.

Waɗanda suka zauna a tudun yamma, a ɗaya gefen kogin, sun yi gidaje manya da tukwane masu zane, amma kusan ba a sami kabari a ƙarƙashin ɗakunansu ba. Tudun gabas ya zama kufai. Bayan dubban shekaru, mutanen zamanin Rumawa da na Bizantiya, da kuma Musulmin da suka zauna yankin daga baya, sun mayar da samansa maƙabarta, ta yadda masu tono sai da suka fara ɗauke waɗannan kaburbura kafin su kai ga dakalan manoman farko da ke ƙarƙashinsu.